Lacca a Garwa: Yadda Ɗalibin Likitanci Zai Koyar da Na Bayansa

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla.

Abu uku zan faɗa. Na farko, ɗalibi ya koyar da ɗalibi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A tsangaya, wa ke biya wa kolo allonsa kafin malam ya waiwayo? Gardi. Jami'ar Garwa a 2022 aka kafa ta, makarantar likitanci ta Yawunde kuwa, wato CUSS, tun 1969. Mu ne ƙannai, saboda haka dole na gaba ya ja na baya. Sai dai jan ma koyonsa ake yi.

Na biyu, kuma shi na fi so. Wani likitan fiɗa, Rodney Peyton, ya fitar da matakai huɗu na koyar da aikin hannu a 1998. Mu ɗauki auna hawan jini. Ka fara aunawa shiru, ƙanin yana kallo. Ka sake yi kana bayani: majinyaci ya zauna ya huta minti 5, ɗamarar ta dace da kaurin damtse, hannu daidai da zuciya, a saki iska a hankali, milimita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Sai mataki na uku. Ku saurara, na ukun nan! Shi zai yi magana, hannunka na bin umarninsa. In bai ce ka taɓa jijiya ba, kada ka taɓa. Tsaya cak. Zai dube ka, ya dubi hannun, ya gano da kansa. Wallahi nan ne karatu ke shiga. Ku 'yan aji shida, na san bakinku zai yi ƙaiƙayi, ku daure! Waccan tana dariya, ta san halinta. Kada ka taɓa, na ce. Daga nan, mataki na huɗu, ya yi da kansa.

Kuma ku sa shi ya yi wa majinyaci bayani da Fulatanci ko Hausa, don tsohuwar da ta zo daga Pitowa ba Faransanci ta kawo ba.

Abu na huɗu... na uku ne ko? Gyara a keɓe, ba a gaban mara lafiya ba.

Na'am, 'yata? Tana tambaya, in ƙanin ya tambayi abin da ba ta sani ba fa? Ki ce masa ba ki sani ba, musamman adadin magani, kada ki kuskura ki yi kintace. Ku buɗe littafi tare, in bai warware ba ku rubuta tambayar, ku kai wa likitan da ke zagayen safe.