Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Muhalli a Tashar Lura da Tsuntsaye

Mai girma Minista, ranka ya daɗe, da manyan baƙin da suka rufa maka baya, a madadin ma'aikata da 'yan sa-kai na wannan tasha ina yi muku barka da zuwa, sannunku da hanya.

Ka zo a kan gaɓa. Daga watan Maris zuwa Mayu ne tsuntsayen da suka yi hunturu a kudu da Sahara suke komawa Turai domin yin sheƙa, kuma tsibiri irin namu shi ne zangon farko ga waɗanda suka kwana suna tashi a kan teku. Da asuba sai ka tarar da ɗan tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 10 ba ya lafe a ciyawa, kitsen da ya yo guzuri da shi ya ƙare, amma ga shi da ransa bayan ya ratso hamada. Ban taɓa riƙe irinsa a hannu ban ji jikina ya yi sanyi ba.

Mukan kama su da raga mai laushi, mu auna fiffike da nauyi, mu maƙala musu zobe mai lamba a ƙafa, sannan mu sake su. Wani malamin makaranta ɗan Denmak, Mortensen, shi ya faro wannan dabara a 1899. Da dare kuma mukan taru, kowa ya faɗi abin da ya gani, har malam-buɗe-littafi da dabbobin ruwa, a rubuta a kundi, ko da ranar ba a ga abin kirki ba.

Amfanin ƙidaya irin wannan ya fito fili a 1969, lokacin da wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi a Birtaniya cikin shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano farin da ya afka wa yankin Sahel ne sanadi. Ba don an riga an san adadinsu na shekarun baya ba, da ba wanda zai iya auna girman asarar.

Shi ya sa, ranka ya daɗe, roƙonmu shi ne a tallafa mana da abin riƙe ma'aikata duk shekara, domin ranar da ba a rubuta ba, babu mai iya cike gurbinta daga baya.

Yanzu muna gayyatarka zuwa ɗakin sa zobe, inda tsuntsu na farko da za a saka yau da hannunka za ka sake shi.