Ƙaramar Mota Ma Tana da Baki

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla.

Abubuwa huɗu na zo da su a kan hidimar ƙaramar mota ta hannu, irin su Starlet, Micra, Golf 3 da Peugeot 206. Na farko mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, kowa ya koma masanin lissafi. Tawa tana yin kamar kilomita 12 da lita ɗaya a cikin gari, ina yin kilomita 30 kullum. Lita 75 ke nan a wata. Ku ƙaddara lita naira 1,000 ce: dubu 75 sun tafi, ba ka ko leƙa gareji ba.

Na biyu, kuma nan zan daɗe, ku yi haƙuri: zafi. Zafi, jama'a! Motocin nan 'yan Kwatano an ƙera su ne, an yi ta hawansu a ƙasar sanyi, sai da suka tsufa aka kawo su Kano a watan Afrilu, aka cusa su a cunkoson Kantin Kwari. Mu kuma me muke zubawa a lagireto? Ruwan leda. Wani ma ruwan rijiya. Ruwan nan yana kawo tsatsa, tsatsa ta toshe hanyoyin lagireto, allurar zafi ta fara hawa, kai kuwa kana can kana sauraron labaran rana.

Ni ya faru da ni. A hanyar Zariya na ga tururi yana fita ta gefen bonet, na ce bari na ƙarasa gida, ai kusa ne. Wannan "ai kusa ne" ita ta ƙona mini gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, mai hana ruwa haɗuwa da baƙin mai. Bakanike ya zaro sandar awon baƙin mai ya miƙo mini, ya ce, "Alhaji, duba." Mai ya koma kamar shayi da madara. Ruwa ya shiga inji. Sati biyu ina hawan adaidaita sahu da makullin mota a aljihu. Kuna dariya? Malam na can gefe bai yi dariya ba, da alama ya sha shayin shi ma.

Kuɗin ruwan lagireto na gaske bai kai kuɗin gaskit da aikin sauke kan inji ba. Kuma don Allah, kada ku buɗe murfin lagireto mota na da zafi. Ku sa ido a kan fanka, ku yi juye a kan lokaci.

Na uku… ko na huɗu muke? Takardu dai. Inshora mafi ƙaranci ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Taya kuma ku duba lambobi huɗun nan na gefenta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kafin ka sayi mota, fara zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin kayanta.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya ko a mai da ita mai amfani da iskar gas. To, Hajiya, gas ya fi fetur araha, gaskiya ne. Amma tukunyar a but ake ɗaura ta, but ɗin Micra kuwa kin san shi. In tukunya ta shiga, buhun shinkafar sai dai ya zauna a baya tare da yara. Sannan a unguwarku akwai inda ake sayar da shi?