Kafin ka tafi makabarta neman kakanka, nemo sunansa na yanka

Jama'a, assalamu alaikum. Tambaya ɗaya ce ta yi yawa a 'yan kwanakin nan, musamman daga 'yan'uwanmu na zangon Kumasi, da na Kamaru, har da na Sudan: "Kakana mutumin Kano ne, Malam Garba ake ce masa. Ina so in zo in ziyarci kabarinsa, in kuma nemo danginmu. Ta ina zan fara?" Kusan kowa da makabarta yake son farawa. To, bismillah, mu shiga mu gani.

Ga ta nan. Ku duba da kyau. Wancan kabarin an kafa masa ɗan allon ƙarfe, amma rana ta cinye fentin. Wannan gutsuren tukunya aka ajiye masa ta wajen kai. Na kusa da shi ko alama babu. Mu ba mu saba gina kabari ba, domin akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana shafe shi da farar ƙasa ko yin gini a kansa. Damina kaɗan ta isa tudun ya kwanta. Kaburburan da kowa ya sani na shugabanni ne: Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka binne shi a 1817, kabarin Muhammadu Bello a Wurno, na Abdullahi a Gwandu, na Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Amma fatake da manoma da masaƙa, kakannin yawancinmu, ba wanda zai nuna maka makwancinsu sai wanda ya halarci jana'izar, ko wanda aka taɓa kama hannunsa aka nuna masa.

Saboda haka makabarta ita ce zangon ƙarshe na tafiyar. Zangon farko suna ne, kuma a nan ake ɓata. Ku ba ni hankalinku.

Garba ba sunan yanka ba ne. Wanda ake ce wa Garba, Abubakar liman ya raɗa masa ranar suna. Sanda, Umaru ne. Shehu sau da yawa Usman ne. Iro Ibrahim, Audu Abdullahi, Indo A'isha, Binta Fatima, Dije Hadiza. Waɗannan masu sauƙi ke nan, don ana iya mayar da su. Ina ga Ɗanladi? Abin da wannan suna ya gaya maka kawai shi ne an haife shi ran Lahadi. Balarabe ran Laraba, Jummai ran Juma'a. Tanko ya biyo bayan mata, Gambo ya biyo tagwaye, Auta shi ya rufe ɗakin. Mutum zai yi shekara tamanin a duniya, unguwa gaba ɗaya ta san shi da Tanko, alhali a takardar alƙali Muhammadu aka rubuta.

Sai sunan na biyu, wanda matasan yanzu suke ɗauka tamkar sunan zuri'a ne da ake gado kaka da kakanni. Ba haka muke ba. Sunan uba ake jingina wa ɗa, don haka sunan na biyu yana sauyawa daga uba zuwa ɗa: Sani Musa ya haifi Kabiru Sani, shi kuma ya haifi Aisha Kabiru. Makarantar boko ta zamanin Turawa kuma ta ƙara nata, inda ake liƙa wa ɗalibi sunan garinsu. Sardauna Ahmadu Bello, Ahmadu Rabah yake amsawa a Kwalejin Katsina. Mahaifin Malam Aminu Kano, Malam Yusufu ne. Shagari gari ne, sunan mahaifin Shehu Shagari Aliyu. Wani ma sunan bai shafi uba ko gari ba: Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, ya samo Ɗantata ne daga Tata, matar da ta rene shi. Idan har manyan da aka rubuta tarihinsu haka sunayensu suke, ina ga kakanka da ya bi ayarin goro zuwa Gwanja?

Shi ma "Kano" ɗin da ke jikin sunansa, a yi masa tambaya. Wanda ya sauka a Salaga ko Akara ya ce shi Bakano ne, yana iya zama daga Bichi, ko Gaya, ko Rano. A Sudan ma abin ya fi haka, don Fallata ko Takari ake kiran duk wanda ya fito daga yamma, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. Wasu hanyar Makka ce ta ajiye su, wasu kuma jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ne, waɗanda suka ci gaba da hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, har ɗansa ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu.

To, yaya za a yi? Nemi tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidanku. Ni dai a ganina mata sun fi maza riƙe wannan ilimi nesa ba kusa ba, don su ke lissafin wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, wa aka ba wa riƙo. Sai dai akwai shinge: alkunya. Kaka ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na surukinta ba, wata ko na ɗanta na fari ba ta faɗa. Ka matsa mata, za ta ja gefen mayafi ta rufe baki ta ce, "Kai, ja can, ɗan nema." Kada ka matsa. Juya tambayar: "Kaka, wa aka yi wa takwara da shi?"

Ku sake jin tambayar, don ita ce mabuɗin: wa aka yi wa takwara da shi?

A kowane gida akwai yaron da ake kira Abba, ko Baba, ko Baffa, akwai yarinyar da ake kira Ummi, ko Inna, ko Mama. Ba a banza aka sa musu ba. Sunan wani babba suka ci, shi ya sa iyayensu ba sa iya kiran sunan. Idan kaka ta nuna da haɓa ta ce "mai sunan wancan", sai ka je ka tambayi Abban sunansa na yanka. Ka samu sunan kakanka ke nan ba tare da ka sa tsohuwa jin nauyi ba. Haka za ka yi ta hawa: baffanka da ake kira Baba, sunan wa ya ci? Gwaggonka Inna fa? Ka bi takwarorin nan a hankali, za su iya kai ka har kakan kakanka, wanda ko hotonsa babu.

Kunna na'urar naɗar murya ta wayarka, da izininta. Kada ka katse ta in ta kauce zuwa labarin kishiya ko na bikin wance, a cikin kaucewar sunaye ke faɗowa. Kuma kada ka tambaye ta shekara da lamba. Tambaye ta me ake ciki a lokacin. In ta ce an haifi babanta shekarar da Nasara suka ci Kano, 1903 ke nan. Zuwan jirgin ƙasa Kano, 1911. Yunwar Kakalaba, wajen 1914. Zuwan Sarauniya, 1956. Canjin hannun tuƙin mota 1972, canjin kuɗi zuwa naira 1973.

Sauran hanyoyin kuma da sauri. Tambayi sana'a da unguwa, don a birni irin Kano unguwa na faɗin asali: Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi. In an ce ku Agalawa ne ko Tokarawa, to fatauci ne gadonku. Dubi tsofaffin hotuna, tsagen fuska na magana, tsohon wanzami zai karanta maka shi. Buɗe gafakar malamin gidanku, sau da yawa a bangon littafi ake rubuta haihuwa da rasuwa da ajami. Takardar rabon gado ta kotun alƙali tana jera magada da sunan yanka, takardar gona ma haka. Mai son zurfafawa, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Arewa House, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Wata magana kuma da ba zan tsallake ba. Wani zai bi salsala ya iske ta yanke a kan mutumin da aka kamo a yaƙi aka sayar. Tsofaffi kan yi shiru idan an zo nan. In ka ci karo da wannan shirun, ka girmama shi, kuma kada ka ɗauki sirrin wani gida ka watsa wa duniya. Shi ma wannan kakan ya cancanci addu'arka kamar kowa.

Yanzu kana da sunan yanka, da sunan uba, da unguwa, da kimanin shekara. Je wurin mai unguwa ka gabatar da kanka, shi zai haɗa ka da dattawan da suka san inda mutanen unguwar ke kai mamatansu a wancan zamani. Wataƙila a nuna maka kabarin, wataƙila ɓangare kawai za a nuna maka a ce "nan wajen ne". Ya wadatar. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya taɓa hana ziyarar kaburbura, amma yanzu a ziyarce su. Ka shiga da natsuwa, ka yi sallamar da aka koyar, "Assalamu alaikum ahlad diyari minal mu'minina wal muslimin", ka roƙa musu gafara gaba ɗaya, sannan ka ambaci naka da sunansa. Kada ka taka kabari, kada ka zauna a kai, bi 'yar hanyar da kuke gani tsakanin layuka. Waɗannan bayin Allah masu diga da shebur kuma, su ke haƙa, su ke cike ramin da ruwa ya zaftare. Ka tambaye su, sun san makabartar fiye da kowa, kuma in za ka fita ka riƙa musu wani abu.