Ɓaunar Amurka: Yadda Aka Kusa Ƙarar da Ita, da Yadda Ta Koma Dabbar Kiwo

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Malama Hadiza za mu tattauna a kan ɓaunar Amurka, dabbar da ta kusa ƙarewa ƙurmus a ƙarni na 19, amma ga shi yau ana kiwonta ana sayar da namanta. Malama, barka da zuwa.

Malama Hadiza: Barka kadai, Malam. Bari in fara da siffarta, domin ta sha bamban da ɓaunar da ake gani a dajin Yankari. Tana da babban tozo, da gemu, da gashi mai kauri wanda ya rufe kai da wuya. Namijin yakan kai kilo 900, kuma duk da wannan nauyi yana iya gudun kilomita 55 a cikin awa guda. Masana sun ƙiyasta cewa kafin Turawa su bazu a nahiyar akwai aƙalla miliyan 30, kuma ƙabilun 'yan asalin ƙasar irin su Lakota da Cheyenne da Comanche a kanta rayuwarsu ta dogara: namanta ne abincinsu, fatarta ce suturarsu da tantinsu.

Malam Sani: To, ta yaya miliyan 30 suka koma kimanin 1,000 kafin shekarar 1890?

Malama Hadiza: Jirgin ƙasa da kasuwar fata, Malam. Layin dogon da ya ratsa ƙasar, wanda aka kammala a 1869, ya raba garken gida biyu, na kudu da na arewa. Daga wajen 1871 majema suka gano yadda za a jeme fatar ta yi ƙwarin da za a yi bel ɗin injinan masana'antu da ita, sai maharba suka yi dafifi da bindigogi masu cin dogon zango. Su feɗe fata, wani lokaci su yanke harshe, su bar sauran naman ya ruɓe a fili. Garken kudu ya ƙare kafin 1880, na arewa kuma wajen 1883. Daga baya har ƙasusuwan aka riƙa tsincewa ana sayarwa don yin taki da tace sukari.

Malam Sani: Ni kuwa a ganina ba kwaɗayin kuɗi ne kaɗai ba. A 1874 majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin kare dabbar, amma Shugaba Ulysses Grant bai sa masa hannu ba. Manya a soja da gwamnati sun san cewa muddin ɓauna ta ƙare, yunwa za ta tilasta wa ƙabilun nan su zauna a yankunan da aka keɓe musu, kuma hakan ce ta faru.

Malama Hadiza: Gaskiya ne. Cetonta kuwa a hannun mutane ƙalilan ya zo. A Texas, makiyayi Charles Goodnight da matarsa Mary Ann sun kama marayun maruƙa sun raina. A gandun dajin Yellowstone, waɗanda suka tsira ba su wuce 25 ba a farkon ƙarni na 20. A 1905 William Hornaday da abokansa suka kafa ƙungiyar kare ɓauna da goyon bayan Shugaba Theodore Roosevelt, kuma a 1907 aka ɗauki guda 15 daga gidan zu na Bronx a birnin New York aka kai su Oklahoma a jirgin ƙasa.

Malam Sani: Sai dai wasu makiyayan, har da shi Goodnight, sun haɗa ta barbara da shanu, shi ya sa yawancin garkunan yau ke ɗauke da ɗan jinin saniya. Mu zo ga kiwon kansa. Yaya yake?

Malama Hadiza: Yana da sauƙi ta wata fuska, domin tana jure sanyi, tana ture dusar ƙanƙara da kanta ta ci ciyawar da ke ƙasa, kuma takan haihu ba tare da an taimaka mata ba. Wahalar ita ce ba ta sabo da mutum kamar saniya. Tana iya tsallake shingen da ya kusa mita biyu, don haka shinge da wurin kamu suna cin kuɗi. Namanta ba shi da kitse sosai, kuma ya fi na shanu tsada. Ted Turner, wanda ya kafa tashar CNN, ya tara garken da ya haura 40,000. Duk da haka, ɓaunar da ake yankawa a Amurka a shekara guda ba ta kai shanun da ake yankawa a rana ɗaya ta aiki ba.

Malam Sani: A nan ne nake da ja. Ana cewa yanzu akwai tsakanin 400,000 zuwa 500,000 a Arewacin Amurka, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwa ne, suna cikin shinge, wasu ma hatsi ake ba su a turke kafin yanka. Wannan kiwo ne, ba dawo da dabbar daji ba.

Malama Hadiza: Ban musa ba, Malam, amma da ba don masu sayen nama ba, da adadin bai kai haka ba, domin babu makiyayin da zai bar wa dabba dubban kadada alhali ba ta kawo masa ko sisi. Matsalar waɗanda ke yawo a sake a daji ita ce rashin fili. Ɓaunar Yellowstone, wadda yanzu ta kai kimanin 5,000, tana ɗauke da cutar bakkale mai sa ɓari, wadda tun asali daga shanu ta same ta. Makiyayan jihar Montana, wadda ke maƙwabtaka da gandun, suna tsoron ta shafa wa shanunsu, saboda haka an daɗe ana kama waɗanda suka fito daga gandun a lokacin sanyi ana kai su mayanka.

Malam Sani: Yanzu dai ana killace wasu, a gwada su, waɗanda ba su da cutar a miƙa su ga ƙabilu. Ƙungiyar ƙabilun da aka kafa a 1992 don dawo da ɓauna tana da mambobi fiye da 80, kuma wasunsu suna kai naman har cikin abincin makarantun 'ya'yansu. Malama, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.