Makullin Bugatti Na Biyu Ba Ya Ƙara Wa Inji Ƙarfi

Ku ɗauka kuna kallon wani guntun bidiyo na motar Bugatti, ku dubi hannun direban da kyau. Motar tana tsaye cik, injinta yana aiki, sai ya miƙa hannunsa na hagu ƙasa, tsakanin kujerarsa da ƙofa, ya saka wani siririn makulli wanda ba shi ne ya tayar da motar ba. Irin wannan guntun bidiyo yana yawan zagaya wayoyin jama'a, kuma bayanin da ake liƙa masa kusan kullum ɗaya ne, wai kamfanin Bugatti ya ɓoye wani ƙarfi a cikin injin, sai an saka makulli na biyu ake sakinsa. Wasu har adadi suke yankewa, su ce rabin ƙarfin motar a kulle yake. Maganar tana da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba.

Motar da kuke kallo ita ce Bugatti Chiron, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na birnin Geneva a shekarar 2016, aka kuma riƙa haɗa ta a garin Molsheim da ke gabashin Faransa. Injinta yana da silinda 16 da turbo huɗu, wato na'urorin da ke cusa wa inji ƙarin iska, girmansa lita takwas, ƙarfinsa kuma ƙarfin doki 1,500. Guda 500 kacal aka ƙera, farashin farko ya kai wajen Yuro miliyan 2.4. Ba tare da makulli na biyu ba, kwamfutar motar tana tsayar da gudunta a kilomita 380 a sa'a, idan kuwa an saka shi sai ta bar ta ta kai 420. Wannan kilomita 40 ɗin ne tushen duk ruɗanin.

Dawakin nan 1,500 suna nan cif tun lokacin da aka tayar da inji, ko da makullin yana cikin aljihun mai motar. Abin da makullin yake taɓawa shi ne siffar motar da yadda take tunkarar iska. Ku lura da tazarar da ke tsakanin taya da jikin motar a bidiyon, za ku ga jikin yana sauka a hankali kamar raƙumin da zai durƙusa. A Veyron, yayar wannan mota da ta fito a 2005, tsayin cikin mota daga kwalta santimita 12.5 ne a tafiyar yau da kullum, amma da an murɗa makullin sai gabanta ya sauka zuwa 6.5, wato bai kai faɗin tafin hannu ba. Sai ku dubi baya. Fiffiken da yake miƙewa sama idan ana gudu ya kwanta, ya kusa shafewa da jikin motar. A ƙarƙashin gaba kuma, inda kyamara ba ta iya leƙawa, wasu 'yan marufai da suke juya iska sun rufe.

To, me ya sa sai an yi duk wannan? A nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Duk wanda ya taɓa fitar da hannunsa ta tagar mota ya san cewa iska tana da nauyi. A gudun kilomita 50 shafa hannun kawai take yi, a 100 kuwa sai ta fara ture shi baya, kuma turin da take yi a lokacin ya ninka na farko sau huɗu, duk da cewa gudun sau biyu kawai ya ninka. Ƙarfin da inji yake buƙata don ya keta wannan turin ya fi haka tsanani, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake nema sai ya ninka sau takwas. Mu ɗauki misali da lissafi mai sauƙi: idan mota tana cinye dawaki 1,000 wajen keta iska a gudun kilomita 400, to a gudun 200 dawaki 125 sun ishe ta, abin da motar gida ta talaka ma take da shi. Sauran 875 ɗin gaba ɗaya a kan rabin gudun na biyu suke ƙarewa. Shi ya sa a saman 380 kowace kilomita ɗaya da za a ƙara tsada gare ta, kuma hanya mafi sauƙi ta samunta ita ce a rage wa iska wurin kamawa. Wanda ya hau babur da babbar riga ranar da iska take kaɗawa ya san dabarar, tattare rigar yake yi ya sunkuya.

Sai dai fiffiken nan da aka kwantar ba ado ba ne. Aikinsa kishiyar na fiffiken jirgin sama ne: na jirgi yana ɗaga shi sama, na mota yana danna ta ƙasa don tayoyi su riƙe kwalta, musamman a kwana. Idan aka kwantar da shi an sami sulɓi, amma an sarayar da wani kaso na riƙon. Ma'ana, motar da aka saka wa makulli na biyu ta fi gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma a hanya mai lanƙwasa wadda ba a saka mata ba ta fi ta natsuwa. A ganina wannan shi ne ainihin dalilin da ya sa aka yi shi makulli daban maimakon maɓalli a jikin sitiyari, wanda yatsa zai iya dannawa bisa kuskure. Dole ne direba ya tsaya, ya sunkuya, ya saka shi da gangan, sannan kwamfuta ta bi tayoyi da sauran na'urori ta duba lafiyarsu kafin ta amince. Kuma a tsakiyar gudu, da zarar ya taka birki, motar tana watsar da wannan tsari ta koma wanda ya fi riƙo. A Veyron fiffiken yana miƙewa zuwa digiri 55 cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, ya zama shi kansa birki ne na iska.

Sauran bayanin a taƙaice ne. Tankin Veyron lita 100 ne, kuma a ƙarshen gudu yana ƙarewa cikin kimanin minti 12, abin da masu barkwanci suke kira rahama, tunda man yana ƙarewa kafin tayoyi su gaji. A watan Agustan 2019 direban gwaji Andy Wallace ya kai kilomita 490 a sa'a a filin gwajin Ehra-Lessien da ke Jamus, da wata Chiron da aka yi wa gyara na musamman. An ƙara mata dawaki 100 kawai, sannan aka tsawaita bayanta da kusan santimita 25 domin iska ta riƙa barin jikinta salin alin. Guda 30 da aka sayar wa jama'a na wannan samfuri, a 440 aka tsayar da su.

Tambayar da ta rage ita ce inda mai motar zai yi amfani da makullinsa. Filin Ehra-Lessien yana da miƙaƙƙiyar hanya ta kusan kilomita tara, amma na kamfanin Volkswagen ne, ba kowa ke shiga ba. A 2021 wani attajiri ɗan ƙasar Czech ya fita da sassafe a kan babbar hanyar A2 da ke tsakanin Berlin da Hanover, a wani yanki da ba a ƙayyade gudu ba, ya haura kilomita 410 da tasa Chiron, ya kuma sa bidiyon a YouTube. Ma'aikatar sufurin Jamus ta fito fili ta soki abin, masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike, daga baya a 2022 suka rufe shi ba tare da an gurfanar da shi ba. A bidiyon nasa, ku duba motocin da yake wucewa a hannun dama, waɗanda su ma a guje suke, za ku rantse a ajiye aka bar su.