Sauya Sana'a Bayan Haihuwa: Aikin Ne Ya Ishe Ki, Ko Lokacinsa?

Ƙarfe biyu na rana, ana tsakiyar taro a wurin aiki, sai wayarki ta fara rawa a kan tebur. Daga makarantar yara ne. Jikin ƙaramin ya yi zafi, a zo a ɗauke shi. Kika dubi shugabanku, shi ma ya dube ki. Karo na uku ke nan a wata ɗaya. Kina hanyar gida, yaron ya kwantar da kai a kafaɗarki, sai tunanin nan da kika daɗe kina turewa ya dawo: anya wannan aikin zai kai ni?

Barkanmu da war haka, masu kallo. Yau zancenmu a kan sauya sana'a ne bayan an haihu, sauyawa ɗungurungum, irin a ce ma'aikaciyar banki ta koma koyarwa, ko ɗan jarida ya koma rubuta manhajar kwamfuta, ko ma'aikaciyar jinya ta ajiye aikin dare ta kafa nata kasuwancin. Zan fi fuskantar mata, don su abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya, amma maza kada ku tashi, akwai rabonku a gaba.

Ruwa ba ya tsami banza. A shekarar 2019 wasu masana tattalin arziki uku, Henrik Kleven da Camille Landais da Jakob Søgaard, sun wallafa binciken da suka yi a kan albashin mutanen ƙasar Danmak na tsawon shekaru. Kafin haihuwar fari, samun mace da na namiji tafiya ɗaya suke yi, kamar layukan dogo. Da zarar jariri ya iso, layin mace sai ya yi ƙasa, na namiji kuwa ko gezau. Shekara goma bayan haihuwar, tazarar tana nan wajen kashi 20 cikin ɗari. Kuma ku lura, wannan a ƙasar da gwamnati ke tallafa wa wuraren renon yara sosai ke nan. Wasu matan sun rage awannin aiki, wasu sun ajiye aikin, wasu sun koma wurin da ya fi sauƙi amma albashinsa bai kai ba.

Me ke jawo haka? Claudia Goldin ta Jami'ar Harvard, wadda ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023, ta ba abin suna: ayyuka masu haɗama. Su ne ayyukan da ba su biyan ka don abin da ka yi kaɗai, suna biyan ka don a same ka duk lokacin da aka neme ka. Lauyan da ke amsa waya tsakar dare, ko ma'aikacin da za a ce masa gobe da asuba ka kama hanya, kuma ya kama. A irin wannan aiki, wanda ya yi awa 60 a mako yana iya samun fiye da ninki biyu na wanda ya yi awa 30. To idan akwai yara a gida, dole a samu wanda zai amsa wayar makaranta, kuma a yawancin gidaje an san wace ce.

Akwai misali ɗaya a bincikenta da nake so ku riƙe, don za mu dawo gare shi. Aikin masu harhaɗa magani a Amurka. A da yawancinsu maza ne masu kantin kansu, daga safe har dare suna tsaye. Da manyan kantuna suka mamaye harkar, aka zuba bayanan marasa lafiya a kwamfuta, sai ya zama duk wanda ke bakin aiki zai iya ɗora wa daga inda ɗan'uwansa ya tsaya. Mai aikin rabin rana ba ta asarar komai sai awannin da ba ta yi ba. Sana'ar ta zama ɗaya daga cikin waɗanda tazarar albashin mace da namiji ta fi ƙanƙanta.

Saboda haka, kafin ki rubuta takardar ajiye aiki, ki nemi ɗan ƙaramin littafi. Mako biyu, duk lokacin da kika ji zuciyarki ta ce “na gaji”, ki rubuta awa, ki rubuta abin da ya jawo. Bayan mako biyu ki karanta. Idan abin da ya cika shafin shi ne cunkoson hanya, aikin dare, saƙon shugaba ƙarfe tara na dare, to mai yiwuwa sana'ar ba ta yi miki laifi ba, wurin ne ko tsarin lokacinsa, kuma sauya ma'aikata ya fi sauya sana'a arha nesa ba kusa ba. Idan kuwa kika ga ko a ranar da komai ya tafi daidai, yara lafiya, kin iso da wuri, amma aikin kansa kamar ana jan ki da igiya, to wannan wata magana ce. Ke ce bidiyon nan ya fi shafa.

Sai lissafi, kuma abin da za ki fara ƙirgawa awanni ne, kafin kuɗi. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, na 2018 ya nuna cewa a duniya mace kan kashe awa 4 da minti 25 a kullum a kan aikin gida da kula da iyali wanda ba a biya, namiji kuwa awa 1 da minti 23. Daga ina za a yanko lokacin karatu?

Mu ƙaddara kwas ɗin da kike so yana buƙatar awa 300. Idan awa ɗaya kike samu bayan yara sun yi barci, dare biyar a mako, mako 60 ke nan, shekara ɗaya da 'yan watanni. Kuma wace irin awa? Wadda kike karanta layi ɗaya sau uku, ido na rufewa, wayar na zamewa daga hannu. Yanzu a ce an samu wanda zai ɗauke miki yaran safiya ɗaya a mako, awa huɗu cur, ba mai buga ƙofa. Ya zama awa tara a mako, kin gama cikin wata takwas. Safiya ɗaya tak ta rage kusan rabin tafiyar.

Maigida, ga rabonka da na ce. “Ina bayanki” magana ce mai daɗi, amma ba ta wanke yaro ba ta kai shi makaranta. A zauna a ce wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, kuma idan yaro ya kwanta rashin lafiya ranar jarrabawarta, wa zai zauna da shi. Idan kai ne mai son sauya sana'ar, lissafin nan ya hau kanka, tare da ƙarin tambaya: awannin da za ka ɗauka, daga wuyan wa za su fito? Wadda kuma ke riƙon yara ita kaɗai, wannan safiyar sai ta nemo ta a wajen 'yan'uwa, ko ta yi musaya da wata uwar: yau nawa a wajenki, jibi naki a wajena.

Kuɗi kuma. Sabon shiga a kowace sana'a daga ƙasa yake farawa, ko da ya yi shekara goma yana shugabanci a wani wuri. Ki lissafa kuɗin kwas, da na renon yara, da giɓin da zai shiga tsakanin tsohon albashi da sabo, da abin da ake mantawa: kuɗin fansho da zai tsaya, da inshorar lafiya idan ta wurin aiki take zuwa. Sannan ki tambayi kanki wata nawa gidan zai iya tafiya a haka. Wanda ba shi da iyali yana iya sakin reshe ya kama ganye, in ya faɗo shi kaɗai zai ji jiki. Mai yara ba haka ba. Kuma a yi hattara da masu tallar kwas a intanet da alkawarin aiki cikin wata uku. Ki ce su haɗa ki da mutum biyu da suka gama kuma suka samu aiki. Idan aka fara kame-kame, kin samu amsa. Wasu sana'o'in kuma, kamar jinya da lauyanci, sai da lasisi, don haka a tabbatar hukumar da ke ba da lasisin ta san da makarantar kafin a biya ko sisi.

Farfesa Herminia Ibarra, wadda ta bi diddigin mutanen da suka sauya sana'a a tsakiyar rayuwa, ta wallafa sakamakonta a 2003. Abin da ta gani shi ne ba a zaune ake gano sabuwar sana'a ba. Waɗanda suka yi nasara gwaji suka riƙa yi ƙanana-ƙanana suna kan tsohon aikinsu, daga baya suka gane inda suka dace. Mai son koyarwa ta karɓi yara biyu tana yi musu darasi da yamma. Mai son ɗaukar hoto ta bi wani mai sana'ar zuwa aiki sau uku, ta ga cewa ɗaukar hoton awa biyu ne, zaman gyara shi a kwamfuta kwana biyu. Ni a ganina wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ne mafi arha. Daga nesa kowace sana'a kyau gare ta.

Wa zai buɗe miki ƙofar? Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta bakin waɗanda aka sani sama-sama, don na kusa da ke abin da kika sani shi suka sani. Iyayen da kuke haɗuwa a ƙofar makaranta kullum, kin taɓa tambayar aikin da suke yi?

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wariya. A wani bincike da Shelley Correll da abokan aikinta suka wallafa a Amurka a 2007, an aika wa kamfanoni takardun neman aiki iri ɗaya, bambancin kawai wasu sun nuna mai takardar uwa ce. Marasa yara an kira su fiye da ninki biyu na yadda aka kira iyaye mata. Iyaye maza kuwa ba su yi asarar komai ba. Don haka giɓin shekarun da kika yi a gida, ki rubuta shi a CV layi ɗaya da kwanan wata, ba ban haƙuri, sannan ki cika sauran shafin da abin da hannunki ya yi kwanan nan. Wasu manyan kamfanoni ma suna da shiri na musamman na dawo da waɗanda suka daɗe ba sa aiki. Bankin Goldman Sachs ya fara nasa a 2008.

Maganar “na tsufa” kuwa ba zan daɗe a kanta ba. Mai shekara 35 da za ta yi aiki zuwa 60, saura mata shekara 25, sun fi waɗanda ta riga ta yi.

Mu koma ga masu harhaɗa maganin nan. Ranar da kika zauna da mai wannan sabuwar sana'a, ko ranar da aka kira ki intabiyu aka ce ko kina da tambaya, albashi zai zo, hutu zai zo. Amma wayar makaranta ba ta san kin sauya aiki ba, za ta sake bugowa. Ki tambaye su: idan ƙarfe biyu na rana dole na tashi, wa zai ɗora daga inda na tsaya? Ki saurari amsar, ki kuma dubi fuskar mai ba da ita.