Amsoshin Tambayoyinku: Me Binciken Noma Ya Tsinana wa Mai Jin Yunwa?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka tsamo a wannan mako duk alƙiblarsu ɗaya, wato binciken da masana ke yi a kan noma da wadatar abinci da gina jiki a ƙasashe masu tasowa. Za mu fara da wadda ta fi zafi.

Wani dattijo da ya ce a gona furfura ta same shi ya rubuto yana cewa: "Kullum sai mu ji an ce masana sun gano kaza, cibiya kaza ta yi bincike. Don Allah ku faɗa mini abu ɗaya tak da binciken nan ya taɓa tsinana wa talaka."

Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan hanya take. Ɗaya ka nema, biyu za mu kawo maka.

Na farko alkama. Alkamar da ake nomawa a da doguwa ce, idan aka zuba mata taki sai ta ƙara tsawo, kanta ya yi nauyi, iska na kaɗawa ta kwanta, hatsin ya lalace a ƙasa. Ka ga takin ma ya zama asara ke nan. Wani masani ɗan Amurka, Norman Borlaug, ya fara aiki a Meziko a 1944, daga baya ya aurar da alkamar can da wata gajeriya 'yar asalin Japan mai suna Norin 10. Sai aka samu alkama gajeriya mai ƙwarin kara, wadda ke zuba ƙarfin taki a cikin ƙwaya maimakon tsawo. Kuma da yake sau biyu yake shuka a shekara, a wurare biyu masu yanayi daban, ya rage rabin lokacin da aikin zai ci. Da fari ya auka wa Indiya a tsakiyar shekarun 1960, ƙasar ta sayo tan 18,000 na wannan iri a 1966. Alkamar da take girbewa ta tashi daga kimanin tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da aka ba Borlaug lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Haka aka yi wa shinkafa a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin, inda irin IR8 ya fito a 1966.

Na biyun ya fi ratsa ni. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse ruwan ganye ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya faɗa wa rogo. A wasu gonaki barnar ta kai kashi 80 cikin 100, ga shi miliyoyin mutane da rogo suka dogara. Feshi ba zai yiwu ba, don gonakin ƙanana ne, a warwatse, masu su kuma ba su da kuɗin magani. Wani matashin masani ɗan Suwizalan, Hans Herren, da ke aiki a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, ya yi tunanin cewa tunda ƙwaron bai addabi kowa a mahaifarsa ba, lallai akwai abin da ke cin sa a can. Aka bazama nema, har aka gano shi a ƙasar Faragwai tare da maƙiyinsa, wani ɗan mitsitsin zanzaro da ke saka ƙwai a cikin jikin ƙwaron, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye shi. Bayan an tabbatar ba zai taɓa wani abu daban ba, aka fara sakinsa a 1981, a wasu wurare har ta jirgin sama. Cikin 'yan shekaru rogo ya farfaɗo a ƙasashe da dama. Manomi bai biya ko kwabo ba, da yawa ma ba su san an yi ba, sun dai ga rogonsu ya daina kaɗewa. Shi ya sa, Baba, ban ga laifinka ba. Sau da yawa binciken da ya fi amfani ba ya zuwa da tambari.

Amma fa kada a ɓoye maka sauran zancen. Wancan juyin noma na alkama da shinkafa ya fi amfanar mai ban ruwa da kuɗin taki. Mai jiran ruwan sama, mai noma gero da dawa da wake a ƙasar da ta gaji, an daɗe ba a waiwaye shi ba. Sai a 1972 aka kafa cibiyar ICRISAT a Indiya domin amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa. A jihar Punjab ta Indiya kuwa, inda abin ya fi bunƙasa, yawan ban ruwa ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa sai ƙara nisa yake yi. Wannan ma masu bincike ne suka auna suka fito da shi fili.

Wasiƙa ta biyu daga wata ɗaliba ce. Ta ce: "Idan da gaske an samu wannan ci gaba, me ya sa har yau ake kwana da yunwa?"

Malama, rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar tare da takwarorinta a 2024 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa a 2023. Mutum ɗaya ke nan cikin 11 a duniya, a Afirka kuwa ɗaya cikin biyar. Wanda ya fi kowa warware tambayar taki shi ne Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya. Yana ɗan shekara tara ya ga yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, wadda ta kashe mutane wajen miliyan uku. Da ya girma ya bi diddigin lissafin, sai ya nuna cewa abincin da ke yankin a shekarar bai gaza na 1941 ba, shekarar da ba a yi yunwa ba. Abin da ya faru shi ne yaƙin duniya ya sa farashin shinkafa ya yi tashin gwauron zabo, ladan 'yan ƙwadago da masunta da masu ƙananan sana'o'i kuwa bai bi shi ba. Abinci na kasuwa, mutane na mutuwa a bakinta. An ba Sen lambar Nobel a 1998.

Saboda irin wannan fahimta ne taron ƙoli na abinci da aka yi a Rum a 1996 bai tsaya a kan yawan abin da aka noma ba. A ma'aunin da aka amince da shi, sai kowa yana iya samun abinci isasshe, mai tsafta, mai gina jiki, a kowane lokaci, sannan za a ce akwai wadata. Don haka mai binciken abinci a yau dole ya leƙa farashi da hanyoyin mota da albashi da rikici, ya kuma tambayi wa ke riƙe da kuɗin cefane a gida. Wancan rahoto na FAO ya ce a 2022 mutum biliyan 2.8 ne aljihunsu bai kai ga abinci mai gina jiki ba.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙar da na fi daɗewa ina juyawa. Wata uwa ce ta rubuto: "Ɗana yana ci ya ƙoshi, ban taɓa barinsa da yunwa ba, amma sa'o'insa duk sun fi shi girma, kuma ba ya rabuwa da laulayi. Mene ne laifina?"

Hajiya, ba ki da laifi, kuma Allah ya ba shi lafiya. Kafin komai, ki daure ki kai shi asibiti a auna nauyinsa da tsayinsa da damtsensa, domin ta rediyo ba a gane ciwo. Amma abin da kika bayyana ya yi kama da ɓoyayyiyar yunwa. Ciki yana cika da hatsi ko rogo, jiki kuwa yana neman wasu sinadarai 'yan kaɗan da ba su cikinsu sosai. Rashin sinadarin ƙarfe na kawo ƙarancin jini, rashin bitamin A na kawo dundumi ya kuma raunana garkuwar jiki, rashin aidin na kawo maƙoƙo ya taɓa ƙwaƙwalwa, rashin zink na hana girma. A ƙiyasin 2022, yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya, fiye da ɗaya cikin biyar.

Masana sun gano cewa kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, su ne suka fi muhimmanci. Akwai binciken da ya nuna haka ƙarara. Daga 1969 zuwa 1977, a wasu ƙauyuka huɗu na ƙasar Gwatamala, an riƙa ba yara da masu juna biyu abin sha kyauta. Ƙauyuka biyu sun samu wani kunu mai madara da sinadaran gina jiki, biyu kuma abin sha mai zaƙi marar madara. Masu binciken ba su watsar da yaran ba, sun bi su har suka zama magidanta. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna cewa mazan da suka sha kunun kafin su cika shekara biyu, ladan aikinsu na awa ya fi na sauran da kashi 46 cikin 100. Ki duba fa, abin da yaro ya sha yana rarrafe ya biyo shi har cikin aljihu bayan shekara talatin. Haka kuma a shekarun 1980, likitan ido Alfred Sommer ya nuna a Indonesiya cewa ba yara bitamin A sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya bisa uku. Daga irin wannan aiki ne ɗigon bitamin A da ake ba yara a ƙasashe da yawa ya samo asali.

A nan ne noma da lafiya suka haɗu. Masu samar da iri suka ce, tunda talaka ba zai sayi nama kullum ba, a saka sinadarin a cikin abin da ya saba ci. Shirin HarvestPlus da abokan aikinsa sun fitar da wake mai yawan sinadarin ƙarfe a Ruwanda, gero mai irinsa a Indiya, shinkafa mai zink a Bangaladash, da dankali mai ciki ruwan lemo, mai bitamin A, a Yuganda da Mozambik. Masana huɗu da suka jagoranci aikin sun samu Lambar Abinci ta Duniya a 2016. A gida kuwa, Hajiya, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce nono zalla wata shida, sannan a ƙara da abinci iri-iri, kamar ƙwai da wake da ganye da kifi da 'ya'yan itace gwargwadon hali, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. A kuma kula da ruwan sha da wanke hannu, don gudawa mai yawan dawowa tana kwashe abin da aka ci.

Wani manomi ya tambaya a taƙaice ko duk ingantaccen iri shi ne wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, kuma ko dole a saye shi kowace shekara. A'a, Malam. Duk waɗanda muka ambata yau ta hanyar aure da zaɓe aka same su, abin da manoma suka gada, masana suka hanzarta. Wanda ake sauya wa halitta a ɗakin gwaji daban yake, kuma kowace ƙasa da dokarta a kansa. Nau'in iri mai aure da ake kira hybrid, kamar na wasu masara, shi ne ake sabuntawa duk shekara, domin jikokinsa ba sa yin albarkar iyayen. Akwai kuma ingantattun da za ka iya ajiyewa ka sake shukawa na wasu shekaru. Ka tambaya kafin ka saya.

Ta ƙarshe daga wani malamin gona ce, kuma kuka ne ya kawo: "Mun san iri mai kyau, mun san taki na da riba, amma manoma ba sa ɗauka. Me ke hana bincike isa gona?"

Malam, ni dai ban yarda da masu cewa taurin kai ne ba. Dankalin nan mai bitamin A, da aka fara kawo shi mutane sun ƙi shi, saboda yana da ruwa-ruwa, su kuwa mai gari suka saba ci. Sai da masana suka koma suka samar da wanda baki zai karɓa. A yammacin Kenya kuma, masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun lura cewa manoma na son taki, amma kafin lokacin zuba shi kuɗin kaka sun ƙare. Da aka ba su damar biya tun da kaka, a kai musu kyauta, masu amfani da takin suka ƙaru sosai. Ba a canza takin ba, lokacin biya kawai aka matsar. Ga kuma buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka, mai leda biyu a ciki, wanda ke toshe iska har ƙwarin hatsi su mutu ba tare da magani ba. Ya yaɗu ne saboda an bi ƙauye-ƙauye an ɗaure shi a gaban jama'a, aka dawo bayan watanni aka kwance kowa ya gani da idonsa. Ba ƙaramin abu ba ne, tunda a 2019 FAO ta ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana salwanta tsakanin girbi da kanti.

Sauran laifin na masu riƙe da baitulmali ne. A Maputo a 2003 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware wa noma kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, suka sabunta shi a Malabo a 2014, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika. Samar da sabon iri kan ci shekara goma ko kusa da haka, aikin da ba ya jure a ba shi kuɗi bana a hana shi baɗi. Kuma ko irin ya fito, idan malamin gona ɗaya ne ke kula da dubban manoma, ba babur ba mai, a cibiya zai tsufa. Don haka idan za ku kai kuka gaban hukuma, Malam, ku haɗa da wannan.

Lokaci ya kama mu. Akwai wasiƙu biyu a kan ambaliya da shinkafar nan da ke iya yin mako biyu a ƙarƙashin ruwa ba ta mutu ba, da su za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.